Rasuwar Malam Tedi na Nyohini

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yau bai sauka ba, Malama Samiratu Andani ta unguwar Nyohini tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar ɗan tsanarta, Malam Tedi, wanda ya bar duniya ranar Asabar bayan shekara ashirin da tara a hannunta.

Marigayin ya iso Tamale daga Kumasi a motar mahaifinta, tare da littafin tatsuniya mai hotonsa a bango. Yana kan cinyarta ta koyi haɗa baƙi. Beyar ne ɗan asali, dabbar nan ta dajin ƙasashen sanyi, amma duk unguwa kare take ce masa, bai taɓa musu ba. Maganarsa ɗaya ce, in an matsa cikinsa: "Fiiit."

Ya tsallake ɓeraye, ya tsallake ƙannenta huɗu, ya tsallake kawun da ya ce a sare masa kai don mala'iku su shiga ɗaki. Samiratu ta ɓoye shi a ƙasan akwati saboda buri guda: ta miƙa shi ga 'yarta ta fari. Da ta haife ta, ranar suna ta wanke shi, ta shanya a kan katanga.

Ajalinsa Gwaggo Humu ce. Tuwon zafi ya fara kamu, ta rasa tsumman sauke tukunya, ta waiga ta ga abu mai laushi. Shaidu sun ce ya yi "fiiit" sau biyu. Ta ji sarai, amma ba ta sake shi ba sai da ta sauke tukunya uku, ta goge bakin murhu da fuskarsa. Abin da ya fi ƙona ran Samiratu, har yanzu gwaggon tambaya take a ina ake sayar da irin wannan tsumma.

Ya rasu ya bar littafinsa, da ido ɗaya, da jaririya Mubarika, wadda ba su gana ba.

Za a binne abin da ya saura gobe bayan la'asar, a gindin bishiyar dogon yaro da ke bayan gidan. Kada kowa ya kawo tuwo, kuma kada a ce wa mai makoki ai abin wasa ne. Littafin kuwa za a karanta wa Mubarika shi in ta yi wayo. Ranar da ta nuna hoton ta tambaya ina yake, gidan Gwaggo Humu za a kai ta.