Sabi'u da Ɗanyen Waken Suya

"Daga Ƙaraye har Rogo babu wanda ya san cikin mace kamar ni," in ji Sabi'u masinjan dagaci, mutumin da ko kunu bai taɓa damawa ba.

Ilimin nasa kuwa ta taga ya tsince shi. An aike shi asibiti da takarda, ya tarar da malamar jinya tana yi wa mata bayani. Ta ce macen da al'ada ta ɗauke mata, mai fama da zufa da zafin jiki, akwai wani sinadari a waken suya da kan taimaka wa wasu, amma sai ƙwayoyin hanji sun sarrafa shi kafin ya shiga jini, kuma ba kowane ciki ke iyawa ba. Gogan naka ya ji rabi, ya cike sauran da kansa: wai wuta ce ke kashe sinadarin, ɗanye za a sha.

To, surukarsa Lantana ta garin Fulatan tana fama da wannan zufa, ga ta da fadamar da za ta ara wa ɗaya daga mazajen 'ya'yanta mata biyu bana. Sabi'u har ya fara hango tumatirinsa a ciki.

Ya sa matarsa Barira ta jiƙa kwano guda ta kai markaɗe. Tana ɗora tukunya ya sauke. Ta ce masa ko awara sai ta tafasa, daddawa kuwa sai ta kwana uku a rufe. Ya ce aikin likita ba na masu murhu ba ne.

Suka isa Fulatan da jarkar ɗanyen markaɗen a bayan babur, rana ta gasa ta har tana kumfa. Lantana ta shinshina, ta ce wa 'yarta, "Bari mai maganin ya fara sha tukuna."

Likitan taga ya shanye kofi uku a zaure, yana lumshe ido. Sai bayan la'asar aka ce ya shigo gaisuwa. Ya tsuguna nesa, kai a ƙasa, ga ɗaya surukin, Abdulƙadir, a gefensa. Ka dai san suruki ba ya miƙewa sai an sallame shi. Ciki ya fara ƙugi. Lantana ta ji sarai, sai ta ja gaisuwar: ya dagaci, ya iyalin dagaci, ya hanya, ya babur. Zufa ta jiƙe masa hula.

"Ya kuma jikin?"

Bakinsa bai samu amsawa ba, ƙasa ta riga shi. Kaji suka watse. Abdulƙadir ya yi ta tarin rufa asiri, a banza.

Lantana ta ci gaba da fifita, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Barira, miƙa wa mijinki buta. Fadama ta Abdulƙadir ce. Shi kuma wannan a kira shi ranar zuba taki."