Hatimin Saman Ƙofa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara dangi a falo don in nuna musu ilimi ba, ilimin kuwa ya kwance mini zani a kasuwa.

Ni ne "injiniyan" gidanmu a unguwar New Bell (digirina bai wuce saka wa Gwaggo kati a waya ba). Shekarun baya na ɗauki hoton duk takardun gida na zuba a diski, ɗan akwatin nan da ake jona wa kwamfuta, na garƙame shi da kalmar sirri. Har na cika baki cewa babu mahalukin da zai iya buɗe shi. Gaskiya na faɗa, ban dai san har da ni a ciki ba.

Da korona ta shigo, kasuwa ta mutu murus. Sai in wuni a shagona na kasuwar Mboppi ban sayar da yadi ɗaya ba. Ana cikin haka Gwaggo tana kakkaɓe yanar gizo-gizo ta zaƙulo wani ƙulli a ramin saman ƙofar zaure. Ta ce ta ɗan leƙa, hatimi ne, gida-gida cike da lambobi. Kafin in dawo ta rufe shi a gwangwani da kananzir, ta ce kada in kalla, asiri ne, don ni aka yi shi. Ni da na je boko, ni na ƙyasta ashana, har da kabbara. Laifin kuwa muka ɗora wa maƙwabcinmu Baba Iliya tela, don mun taɓa faɗa a kan kwata. Na daina gaishe shi.

Damina ta zo, ruwa ya shigo mana har gwiwa, ya mayar da takardar sayen gidan kunu. Ba a jima ba wani ya ɓullo, wai filin na kakansa ne. Kawu, mai gidan, ga iyali cike da ɗakuna, ya kasa cin abinci. Na bugi ƙirji na ce a taru, yanzu zan fito da takarda.

Na jona diski, na buga kalma. Ya ƙi. Na gwada sunan Inna, lambar shago, ranar aurena, duk a banza. Na ce wutar lantarki ce ba ta da ƙarfi. Daga nan na kira Paul mai gyaran kwamfuta, na saka shi a sifika don a ji ina Faransanci. Ya ce ranar da na kulle, kwamfuta ta ba ni lambobi arba'in da takwas na ko-ta-kwana, in babu su sai dai haƙuri. Ya tambaye ni, ina na rubuta su?

Wayyo murna! Na miƙe ina bayani da alfahari cewa na zana su gida-gida, na naɗe da baƙin salatif saboda danshi, na cusa a ramin saman ƙofar...

Ban ƙarasa ba.

Gwaggo ta ce a hankali, "Wanda ka ƙona?"

Da ƙasa za ta tsage, da na shige. Kawu bai zage ni ba, da ma ya zaga. Cewa kawai ya yi shaidu biyu ne suka sa hannu ranar da aka sayi gidan, ɗaya ya rasu, ɗayan kuma na san shagonsa.

Haka na je na durƙusa gaban Baba Iliya, na kwashe labari kaf na faɗa masa. Ya yi dariya har ya saki keken ɗinki. Ya shiga ɗaki ya fito da kwafin takardar daga adakarsa, a naɗe cikin leda.

"Karɓi, ɗana. Amma ka buɗe ka duba tukuna, kada ita ma ka sa mata ashana."

Gida ya tsira. Diskin kuwa yana nan, Gwaggo tana tokare taga da shi. Tun daga ranar, in aka ce an yi mini asiri, sai na fara duba ko rubutun hannuna ne.