Kwalbar Yawun Baba Tela

Jiya na fita neman mai, na dawo gida da sabon wa. Man dai ban samu ba, don layin ya kai bakin asibiti ya kewayo, amma wan kam ga shi a rubuce, har da hatimin hukuma. Matata ta karanta takardar, ta dube ni ta ce, "To, Allah ya sa ya fi na gidanku zumunci."

Bari in faro muku daga tushe. Watannin baya Mai Girma Sarkin Buɗe Taro ya leƙo ta tagar motarsa, ya ga famfo ba ruwa, asibiti ba magani, wuta sai dai labari. Nan take ya gano abin da ke damun talaka: bai san kakanninsa ba. Aka kafa Ofishin Binciken Asali, aka sayo na'ura daga ƙasar waje, aka sayo motocin masu kula da na'urar. Aka ce kowa ya zo ya tofa yawu a kwalba, a yi masa gwajin ƙwayoyin halitta, a gaya masa danginsa kyauta. Ni dai na yaba. Hukumar da muka ba ƙuri'a, muka ba haƙuri, ai ba ma yi mata rowar yawu ba.

Ni ba dangi nake nema ba. Waɗanda nake da su ma, in na hango su a bakin titi, wani lungun nake bi. Baba Tela na raka, maƙwabcina, wanda shagonsa ke jingine da katangar gidana. Tsintar sa aka yi a tashar mota yana ɗan ƙarami, ko sunan garinsu bai iya faɗa ba. Wani tela ya ɗauke shi ya raine shi, da ya rasu ya bar masa keken ɗinki. Ya yi aure, matar ta riga shi gidan gaskiya, Allah bai ba su haihuwa ba. Yanzu ido ya fara yi masa gardama, ni nake zura masa zare a allura in zan fita aiki.

"Malam," ya ce min, "ni ba gado nake nema ba. Mutum ɗaya nake so, ranar da aka ɗauke ni ya tsaya ya ce wannan jinina ne. Ko da ba ya ƙaunata."

Maganar nan ta tsaya min a rai, shi ya sa na bi shi.

An ce mu zo da sassafe, kada mu ci kada mu sha, don kada yawun ya gurɓata. Muka zo da sassafe. Ma'aikata suka zo da hantsi. Makulli ya zo da azahar, don yana aljihun wani da ya tafi taro. Rumfar da aka yi mana alkawari kuwa tana cikin kasafin baɗi. Kafin layi ya zo kanmu, harshena ya koma kamar soson wanka da aka manta a kan katanga.

Malamar da ke kan tebur ta miƙo mana kwalabe, ta nuna wani jan layi a jikinsu.

"Sai ya kai nan."

"'Yata, ai ko nan bai kai ba," in ji Baba Tela, yana nuna leɓensa.

"Ka tuna nama, Baba, zai zo."

Baba Tela ya rufe ido ya yi iya ƙoƙarinsa, ya buɗe ya ce ya manta kamanninsa.

Muka tofa abin da ya samu, ko gindin kwalba bai rufe ba. Masinjan ofishin, wani dogo mai fara'a da ke zaune a inuwa da gorar ruwa, ya karɓi kwalaben ya ce mu je abinmu, za a san yadda za a yi.

Makon jiya sakamakon Baba Tela ya fito. An samo masa ɗan'uwa na jini, na kusa sosai, kuma ba nisa: masinjan nan ne. Da na karanta masa, sai ya tashi ya buɗe akwati. Ya janyo yadin da ya daɗe yana ajiya a ƙasan akwati, ya yanka wa masinjan riga babu awo, da abin da idonsa ya riƙe na tsayin mutumin. Mako guda bai karɓi ɗinkin kowa ba.

Jiya ke nan, da na fid da rai da mai, na raka shi ya kai rigar, ni ma in karɓi nawa sakamakon. Muka tarar da ƙofar ofishin ba masaka tsinke. Na buɗe takardata, sai ga masinja. Mai wankin layinmu, masinja. Direban da ke bayana, masinja. Kowa na ɗaga takarda yana kiran "Yaya! Yaya!" Wani yana son a sama wa ɗansa aiki, wata ta zo da batun rufin ɗakinta da ya yaye.

Da aka matsa masa, masinja ya hau benci ya yi bayani.

"Jama'a, doka ta ce kwalbar da ba ta kai jan layi ba a zubar, mai ita ya sake bin layi. Na dube ku a rana, na ga ni ina inuwa, ga ruwa a hannuna. Sai na riƙa cike muku da nawa yawun."

Hukuma ba ta yi sanya ba, wannan kam dole a yaba mata. Kafin la'asar rediyo ya sanar cewa shirin ya yi gagarumar nasara, kimiyya ta tabbatar da abin da Mai Girma ya daɗe yana faɗa, cewa al'ummar nan uwa ɗaya uba ɗaya ce. Za a kafa kwamiti, za a saya wa kwamitin motoci. Masinja kuma an sallame shi daga aiki. Da jin an sallame shi, dangi suka watse, ko sallama babu.

Sai Baba Tela kaɗai ya rage a bakin ƙofa, da rigar a cikin leda. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

"Baba, mu tafi," na ce masa. "Kuskure ne, ba jininka ba ne."

Bai kula ni ba. Ya ƙarasa wurin masinja, wanda ke zaune a kan dakali da gorarsa.

"Tawa kwalbar, kai ka cika ta?"

"Ni ne, Baba. Taka ta fi ta kowa bushewa. Ka yafe min."

Baba Tela ya ciro rigar daga leda.

"Tun da maigidana ya rasu, ban kawo abu rabi wani ya cike min ba. Tashi ka sa mu gani."

Masinja ya sa rigar. Kafaɗa ta zauna, hannu ya ɗan gaza.

"Ka zo shago gobe in sakar maka hannun."

"To, Yaya," in ji masinja.

Yau da safe na leƙa shagon don in zura zare, na tarar masinja ya riga ni. Baba Tela ya miƙo min takardarsa a ninke.

"Malam, adana min wannan, akwai hatimi a jiki. In ranar ta zo aka tambaya, ga mai tsayawa nan."

Na karɓa na ajiye, ban yi gardama ba. Wa ya isa ya ja da hatimin hukuma?

Af, na kusa mantawa. An ce shi ma Mai Girma an yi masa gwajin, amma nasa yawun a ofis aka karɓa, cikin sanyi, kwalbarsa ta cika har ta zuba ba tare da taimakon kowa ba. Na'ura ta duba garin nan kaf, ba ta samo masa ɗan'uwa ko ɗaya a cikinmu ba. Masu cewa na'urar ba ta aiki, su ji tsoron Allah.