Ranar da Na Je Neman Aure da Fuskar Kurkum

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je gaishe da 'yan uwan Hajiya Rabi a Upper Marlboro ba. Ko na so in manta ma mutanen garin nan ba za su bar ni ba. Bahaushen Amurka ba ya tuna ya kira ka ranar da kake kwance, amma abin kunyarka yana riƙe da shi daram a kansa har ya shiga kabari.

Bari in fara da kaina. Na haura hamsin. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, kuma ban ga abin da ya rage ni da shi ba, tunda masu digirin ma ga su nan suna tuƙa tasi. Ina aiki a wani gidan mai a Beltsville, ina miƙa taba da lemo ta ƙarƙashin gilashi. Matata ta farko ta daɗe da tafiya (ta ce ba ni da buri, yanzu tana can Texas ita da burinta). Hajiya Rabi kuwa nas ce, mijinta ya rasu, mace mai natsuwa wadda idan ta yi dariya sai ka ji hayar ɗaki ma ba komai ba ce. Mun fahimci juna a waya, ta ce saura yayanta ya gan ni. Yayan nan likita ne, Dakta Sani, irin mutanen da in ka gaishe su sai su amsa kamar sadaka suka ba ka.

Matsalar ita ce fuskata. Sanyin ƙasar nan ya gama da ita. Ta yi furu-furu, kumatu sun yi baƙi, goshi ya tsage kamar bangon tsohon gida. Ga furfura ta mamaye gemu.

To mai gidan man namu Ba'indiye ne, kuma uwarsa kan zo ta zauna a bayan kanta tana ƙirga carbinsu. Tsohuwa ce tukuf, amma fatarta sumul kamar ta 'yar makaranta. Mama nake ce mata. Rannan na cire kunya na tambaye ta wane mai take shafawa. Ta yi dariya ta ce ita ba ta taɓa sayen man kanti ba, komai daga kicin yake. Garin wani wakensu, kindirmo, ɗan zuma, sai kurkum. Da ta zo kan kurkum ɗin sai ta haɗa yatsu biyu ta nuna mini. “Kaɗan, ɗana. Kaɗan. Ka shafa, kafin shayinka ya huce ka wanke da ruwan ɗumi. Ban da sabulu.” Har ta ƙullo mini kayan washegari, Allah ya saka mata, ita ba ta da laifi.

Laifin na ƙwaƙwalwata ne. Ni a gidanmu na tashi cikin mata, na ga yadda ake ƙunshi. Lalle ba ya kamawa sai an lafta shi da kauri, an ɗaure da leda, an ba shi lokaci. Sai na ce a raina, Indiyawa fatarsu laushi gare ta, shi ya sa ɗan kaɗan ke isarsu. Tawa fatar da ta sha ranar Kano sannan ta zo ta sha ƙanƙarar Maryland, ai sai da hannun maza. Da safiyar Asabar ɗin na juye kurkum ɗin gaba ɗaya a kwano, na dama, na lafta tun daga goshi har wuya, har cikin gemu. Na ɗauko ledar naɗe abinci na naɗe kaina, na huda wajen hanci da ido. Na zauna kusa da hita ina kallon ƙwallo, ina jin fuskar tana zafi ina cewa alhamdulillahi, magani yana shiga. (Shayin da Mama ta ce, ya huce, na sake dafa wani, shi ma ya huce.)

Da aka tashi wasa na kwance ledar na wanke, na ɗaga kai na kalli madubi. Jama'a, wani mutum na gani mai kama da dafaffiyar kabewa. Gemun nan da yake fari ya koma ruwan ɗorawa shar. Hankalina ya tashi, na rarumo sabulun salo na dirje da soso. Ashe abin da tsohuwar ke gudu ke nan. Sabulu na taɓa shi sai ya rikiɗe ya yi ja, na koma kamar an tsamo ni daga manja.

Abokina Ilu, direban tasi da muke hayar gida tare a Lanham, shi zai raka ni. Ya dube ni sama da ƙasa, sannan ya ce, “Mutumina, wa ya soya ka?” Na ce mu fasa. Ya ce in ka fasa yau Dakta zai ce ba ka da alkawari, sa takunkumi ka ce mura kake, ka jawo hula har gira. Haka na yi, na zuba farar babbar riga (fara fa, don ka san ranar ba ni da rabo).

Gida ne ƙato, falo cike da mutane, kuma rabinsu ma'aikatan asibiti. Aka gaisa, aka tambayi aiki, aka tambayi mutanen gida. Komai na tafiya daidai har aka shigo da tuwon shinkafa da miyar taushe. Dakta ya ce, “Bismillah, Malam. Cire abin nan mana, nan duk mun saba da masu mura.” Na ce na ƙoshi. Ilu, maci amana, ya riga ya kai loma ta uku. Aka matsa. Na cire.

Kowa ya zubo mini ido. Ga hita tana aiki, ga tsoro, gumi ya karyo mini, wuyan farar rigar ya fara rinewa a gaban kowa. Dakta ya ajiye cokali, ya taso ya tsuguna a gabana, ya ja fatar idona ƙasa da babban yatsa. Ni da na zo neman aure, ga ni ana duba ni kamar ragon layya.

“Tun yaushe jikinka ya yi haka? Kana jin ciwo a gefen ciki? Fitsarinka wane launi ne?”

A gaban surukai fa! Wata daga bayan kujera ta ce, “Shawara ce, wallahi hanta ce.” Sai Dakta ya rage murya, irin ragewar da kowa ke ji, ya ce, “Malam, tsakaninka da Allah, kana ɗan kurɓawa ne?”

Nan na ga an zo iyaka. In na yi shiru na zama mashayi mai ruɓaɓɓiyar hanta, aure ya tafi, mutunci ya bi shi. Ina cikin neman ta inda zan fara sai wata gwaggonsu da ta zo daga gida jinyar ƙafa ta matso da sandarta, ta kawo hanci kusa da gemuna ta shinshina.

“Kai Sani, tashi ka ba mutane wuri. Wace hanta? Kurkum ne.” Ta juyo gare ni. “Ɗan nan, dilka ka yi? To kai ne amaryar ko Rabi?”

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wani ya ƙware da zoɓo. Ilu ya kwanta a kan kafet. Dole na zayyana komai, har ledar, har hitar, ina magana ana riƙe ciki. Hajiya Rabi tana bakin ƙofar kicin ta toshe baki da mayafi, hawaye na zuba, ni kuma wawa har na ji sanyi, na ce tunda ta yi dariya an gama.

Bayan kwana biyu ta kira ni. Ta ce ta ji daɗi da na damu da in yi mata kyau, har ga Allah. “Amma Malam, ni yini nake a asibiti ina fama da masu shanye maganin mako a rana ɗaya don su warke da wuri. Ba zan dawo gida a gajiye in tarar da shugabansu yana jira na ba.” Ta yi mini fatan alheri. Bara ta auri wani injiniya mai fuska kamar bayan tukunya.

Abin haushin, da launin ya gama fita fatar ta yi laushi ƙwarai, ta yi sheƙi, ba mai gani sai masu sayen taba. Ni dai abin da na koya shi ne, in ka haura hamsin ka tafi neman aure da fuskar da ka kwana da ita. In ma za a ƙi ka, a ƙi ka kana namiji, ba kana amarya ba.