Man Kamfani a Hanyar Garo

Shekarar da na sayi sabon babur, man injinsa ne ya fi shiga raina. Da hantsi nakan zaro ma'aunin in ɗaga shi a rana, in ga man garau kamar zuma, sai in lula tunani ina ganin kaina ina ratsa gonakin dawa har ƙarshen duniya.

Sani bakanike, ɗan maƙwabcina a Gwarzo, ya ce, "Baba, ka kawo a yi juye. Man da kamfani ke zubawa yawanci gama-gari ne, na ɗan lokaci."

Na ce, "Yaro, wannan sintetik ne, haɗin masana. Wanda ya ƙera inji zai ba shi man banza?"

Ban san inda na samo wannan ilimi ba, amma damina biyu ina kansa, ban yi juye ba.

Ranar ɗaurin auren 'yar ƙanena a Garo, ni ne waliyyi. Na sha babbar riga, iska na kaɗa ta, ina jin kaina tamkar shirwa. Ban kai rabin hanya ba injin ya yi tari, ya buga. Wani mai amalanken shanu ya ɗora mu, ni da babur, muka isa an shafa fatiha, ƙanena ya bayar da auren da kansa.

Har yau in za a yi aure a danginmu, mai kawo mini goro sai ya durƙusa ya ce, "Baba, an ce ka taso tun jajibiri, shanun ba sa sauri."