Ƙuri'u Tara na Alhaji Ɗanjuma

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tashi kare mutuncin Alhaji Ɗanjuma ba. Kafin in shiga labarin, ya kamata in ware abin da na tabbatar daga wanda ban tabbatar ba. A Agege ta Legas aka yi, a ƙofar gidansa, bayan La'asar. Wannan babu shakka. Shekarar kuwa ina zaton 2000 ce, ƙanwata ta dage cewa 2001 ce. Maganganun da zan kawo daga ƙwaƙwalwata suke, sai guda ɗaya da na sake tambayar mai ita (ya maimaita mini har da dariyar, wadda ban nema ba).

A lokacin, wani ɗan barkwanci da ake gayyata wajen bukukuwa ya tattara rubuce-rubucensa na zambo ya buga ɗan littafi. Daga Agege har Mile 12 ana karanta shi, wanda bai iya boko ba a karanta masa. Babin da ya fi tashe shi ne na wani dillalin albasa da ya tsaya takarar kansila, ya yanka sa ya ciyar da unguwa, amma a rumfar zaɓen ƙofar gidansa ya tashi da ƙuri'a uku, ko matarsa ba ta zaɓe shi ba. Marubucin bai kama suna ba. Kowa ya san wanda ake nufi, kowa kuma ya san ba a faɗa. Ni, duk da digirina, rabin farkon kaɗai na sani.

Alhaji Ɗanjuma aminin mahaifina ne, dillalin albasa, kuma ni na zama wakilinsa a waccan rumfa ranar zaɓe. Na gama bautar ƙasa ina zaune babu aiki, shi ne ya yi alkawarin kai ni wurin wani babba a Ikeja ranar Litinin mai zuwa.

Ranar da abin ya faru majalisa ta cika, ana ta ra'ayoyi a kan littafin. Malam Tanko, direban tirela, ya ce littafin banza ne marar ladabi (sau biyu ya sa na karanta masa). Iliya, haifaffen Legas, ya ce, "Ai dillalin nan na cikin littafin a can unguwar Ojo yake, na san shi."

"Ni ma haka na ji," in ji Alhaji yana ɓare goro. "Allah sarki, bawan Allah." Sai ya juyo wurina. "Kai ɗan boko, me ka gani?"

Na miƙe tsaye (babu wanda ya ce in miƙe).

"Baba Alhaji, littafin nan ƙazafi ne, kuma ina da hujja. Ba sa ka yanka ba, raguna biyu ne. Ƙuri'un kuma ba uku ba ne, tara ne, a gabana aka ƙirga. Hajiya matarka kuwa ta fito, da idona na gan ta a layi."

Wurin ya yi tsit, har ana jin kwandastan motar danfo yana kiran Oshodi daga bakin titi. Na ɗauka ƙarfin hujjata ne ya rufe musu baki.

"Oga Digiri," Iliya ya ce, "ka gan ta a layi. Ka ga inda ta dangwala?"

Mai hankali da shiru zai yi. Ni na ce, "Gaskiya wannan ban gani ba, kuma ba zan yi shaidar zur ba."

Iliya ya kife a kan tabarma. Alhaji bai yi dariya ba. Ya ajiye goron, ya soma bin fuskokin majalisa ɗaya bayan ɗaya, leɓensa yana motsi. Sai a sannan na tuna cewa mutum goma sha wani abu ne a zaune, kuma kowannensu ya taɓa rantse masa cewa shi ya zaɓa. Malam Tanko ya tuna bai yi alwala ba. Sauran ma suka tuna.

Ran Litinin na goge kaftanina na zo. Aka ce mini babban na Ikeja ya yi tafiya. Iya bincikena, har yau bai dawo ba.

Darasin da na koya shi ne, idan dattawa suka haɗu suka kai labari Ojo, ba rashin sanin hanya ba ne. Ka bar shi a Ojo.

Abu guda ne ya rage mini. Cikin ƙuri'un nan tara, ɗaya tawa ce, ɗaya ta Alhaji. Ko ta Hajiya tana cikin sauran bakwai?