Ranar da mita ta tona mini asiri

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da aka rufe boda, har yanzu idan na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Aikina a lokacin cike wa direbobin manyan motoci takardu a bakin iyakar Jibiya. Da aka rufe hanya sai komai ya tsaya cak, direbobi suka watse, mu kuma muka koma zaman ƙarƙashin bishiya muna kallon kwalta.

Abin da ya riƙe gidana shi ne firizar matata Rabi. Tana haɗa zoɓo da kunun aya, tana daskarar da ƙanƙara, ana saye a tasha. Ni kuwa da na rasa abin yi sai na zama ɗan sandan wutar lantarki. Da ma an sa mana mita mai kati, yunit kuma ƙarewa yake kamar ana lasa. Na kwance ƙwan fitilar zaure. Na hana barin caja a jikin soket. Na taɓa yi wa Rabi faɗa a kan 'yar jar fitilar talabijin (wadda ko sauro ba za ta haska ba). A ƙarshe na yanke hukunci cewa firiza ce ɓarauniya, tunda ita ce babba kuma ita ke gurnani. Duk sanda Rabi ta juya baya sai in zare ta.

Wata rana aka kawo wuta tun safe, na zare firizar na fita. Kafin azahar kunun aya ya yi tsami gaba ɗaya, aka zubar a kwata. Rabi dai ta aika wa yayanta. Yaya Mamman mutumin Ɗan Isa ne, can tsallaken iyaka, dattijo mai sanyin magana. Ta hanyar daji ya biyo a kan babur ya zo.

Maimakon in ba da haƙuri, sai na ce zan nuna masa hujja. (Wannan bakin nawa shi ne babban maƙiyina.) Na ja shi gaban mita, Rabi na tsaye a ƙofar ɗaki. Na nuna masa fitilar da ke ƙyaftawa, na ce gwargwadon saurinta gwargwadon cin wuta. Na jona firiza. Fitila ta ƙyafta, ta huta, ta sake ƙyaftawa kamar mai gyangyaɗi.

"To, Yaya, ka gani ko? Yanzu bari in gwada maka ƙaramin abu ka ga bambanci."

Na zare firizar, na ɗauko dutsen gugata na jona.

Wallahi fitilar nan sai ta haukace. Ƙyaf-ƙyaf-ƙyaf, ba tsayawa. Na girgiza wayar, na ce wataƙila soket ɗin ne. Na sauya soket. Ta ƙara wuta.

Ga abin da ban faɗa muku ba. Duk ranar da aka kawo wuta sai na goge kaftani da wando har da babbar riga, da sitaci, ina bin kowane kari a tsanake kamar mai shirin ɗaurin aure. Sannan in saka in tafi bakin boda in zauna, don kada 'yan unguwa su ce wane ya zama mazaunin gida.

Yaya Mamman ya daɗe yana kallon mitar. Sai ya ce da Hausarsu ta tsallaken iyaka, inda ake ce wa firiza firigo, wutar lantarki kuma kuran, "Ashe ba firigo ba ne ke shan kuran. To kai wannan guga, kullum kake yin ta? Ina kaka zuwa da ita, tunda hanya rufe take?"

Na kalli ƙasa, na kalli dutsen gugar da ke hannuna yana ta zafi. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta wannan lokaci ba. Ina jiran Rabi ta ƙarasa ni, don tana da dama, kuma na cancanta.

Sai ta ce a hankali, "Yaya, aiki yake zuwa. Ka san aikinsu sai da tsafta."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ashe ta daɗe da sanin komai, ta san inda nake zama, ta san abin da ke cinye yunit, ta yi shiru tana sayen kati da kuɗin zoɓo. Yaya Mamman ya sunkuya da kansa ya mayar da firizar jikin soket, ya ce a ba shi ruwa ya sha zai koma.

Tun daga ranar na gane cewa idan mutum ya tashi neman abin da ke cinye gidansa, ya fara duba abin da ke hannunsa. A gidanmu dai abin da ya fi kowane kayan wuta tsada shi ne girman kaina, kuma wata baiwar Allah ce ke biya.